Alhaji, ga amsar tambayarka kan mutanen coci da 'yan ƙwadagon gona

Alhaji barka da war haka, ya gida ya kasuwa, ya kuma fama da jama'a. Na ga tambayarka tun shekaranjiya amma ban so in amsa a tsaitsaye ba don maganar ba ta layi biyu bace. Bari in maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda basu gani ba. Kace kana da karal, wato gonar laka da ruwa ke kwanciya a kai da damina, a bayan Marwa nan arewacin Kamaru, da lambun albasa, duk shekara kana ɗaukar yara masu dashen masakwa, dawar rani da ake dasawa bayan damina, to bana sai kaga wasu mutanen coci suna zagayawa wurinsu da yamma suna rubuta sunaye, ance ma har dawa suke basu bashi lokacin marka, kuma ɗaya daga cikin yaran ya kafe akan shi sai an rubuta jinga a takarda kafin ya taɓa aiki. Shine kake tambaya wai me mutanen nan suke nema ne, addini suke saye da hatsi ko kuwa zuga maka ma'aikata suke yi.

Ni malamin gona ne kuma Kirista ne, na daɗe ina wannan aikin tare da kwamitin ikkilisiya tun daga duwatsun Mokolo har gangaren Binuwai, kaga kenan mai hannu a ciki ne zai baka amsa, sai ka auna maganata da wannan a ranka. Masu irin aikin suna da yawa, na Katolika daban, na Lutaran daban, ga ƙananan majami'u kowa na nasa, kuma ba duka suke tafiya iri ɗaya ba. Zan faɗa maka yadda aikin yake in ana yinsa da tsoron Allah, in kuma faɗa maka inda yake lalacewa, don yana lalacewa kam, na gani da idona.

Mu fara da shi yaron da ke maka dashe. Kai ka fini sanin cewa masakwa bata jiran kowa, ruwa na janyewa daga karal wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sai kowa ya tashi a lokaci guda, a share a ƙone a huda ƙasa a zuba ruwa a rami a dasa, duk cikin 'yan makonni kafin ƙasar ta bushe ta tsattsage, shi yasa hannun gida baya isa sai an nemo na waje. To su waye na wajen nan? Matasa ne daga kan duwatsu, Mafa da Mofu da maƙwabtansu, wasu Tupuri da Masa daga wajen Kaele da Yagwa, wasu ma daga Cadi suke tsallako kogin Logon. Yawancinsu ba wai basu da gona bane, suna da ita, sai dai gona ce kamar tafin hannu akan dutse wadda kakanni suka jera mata duwatsu don kar ruwa ya kwashe ƙasar, an raba ta tsakanin 'ya'ya har ta zama abin da ta bayar baya kai iyali wata damina. Saboda haka kuɗin da ya samu a gonarka ba na shan shayi bane, da shi za'a sayi dawar da ta gaza, a biya kuɗin makaranta, a rage bashin bara. Yana kwana a bukkar kara ko ƙarƙashin itace, yana shan ruwan da ya samu, in zazzaɓi ya kada shi kwana uku to kwana ukun nan babu lada, kuma ba wanda zai je ya duba shi don ba garinsu bane, bashi da kawu bashi da gwaggo a nan.

Abin ya ƙara tsanani cikin shekarun nan. Tun daga 2014 da Boko Haram suka addabi ƙauyukan bakin iyaka a Mayo Tsanaga da Mayo Sava mutane da yawa sun bar gonakinsu sun gangaro, manomi mai rumbu ya koma neman ƙwadago. Rikicin Logon Birni na 2021 ya watsa wasu, ambaliyar 2022 da ta 2024 a wajen Yagwa ta cinye gonakin wasu. Ga kuma maganin ciyawa da ya shigo karal, aikin sharar da a da sai an tara mutane yanzu mutum ɗaya da famfon feshi a baya ya gama. Hannu ya yi yawa aiki ya ragu, kai ɗan kasuwa ne basai na faɗa maka abin da ke faruwa da farashi in kaya sun cika kasuwa ba.

Amma babban abin da ke cin talakan gona, a sanina, falle ne, wato cin bashi akan amfanin gonar da ba'a girbe ba. Watan Yuli zuwa Agusta rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, dawa ta yi tsada a kasuwa, ga zazzaɓin cizon sauro ya kama yara duk a lokaci ɗaya. Sai mutum ya je wurin mai hali ya karɓi buhu ɗaya akan da kaka zai mayar da biyu, ko ya karɓi kuɗi akan amfanin da ke tsaye a gona da farashin da mai kuɗin ya yanka. Ko kuma ya bar tasa gonar ciyawa na cinye ta ya tafi noman wani don ya samu abin da za'a ɗora a wuta yau. Kaka na zuwa kafin ya kai hatsi gida masu bashi sun tare shi a masussuka, abin da ya rage kuma dole ya sayar da araha don lokacin kowa ke sayarwa, sai marka ta zagayo ya sake sayen hatsin nan nasa da tsada ko ya sake cin bashi. Na san magidanta da suka shekara goma suna wannan zagayen, mutane masu ƙoƙari da suke fita tun asuba, ba ragwaye ba. Wannan zagayen shine abin da aikinmu yake son ya tsinka, in ka riƙe wannan ka riƙe kan zancen.

Dawar da kaji ance suna bayarwa, in dai irin tsarinmu ne, ba kyauta bace kuma yawanci ma ba ta coci bace. Rumbun haɗin gwiwa ne. Da kaka kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da zai iya, buhu ko rabi ko 'yan tasa, a rubuta a littafi a gaban kowa, ikkilisiya wani lokaci ta ƙara da jari na farko daga baikon godiyar kaka ko taimakon da ta samo, ta kuma taimaka da kwano da siminti don ɗakin ajiya. Sai a rufe da kwaɗo biyu ko uku, makullan a hannun mutane daban daban waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, mu dai mun fi son ɗaya ya kasance a hannun mace don mun gwada mun gani. Ba'a buɗewa don biki, ba'a buɗewa don giyar burkutu, ba'a buɗewa don wani babba ya ce, sai ranar da aka yanka cikin marka. Ranar ne mutum zai ɗauki nasa, wanda bai isa ba ya ranta ya mayar da kaka. Amfanin a bayyane yake, mutumin da ke da abinci a Agusta zai tsaya ya nome gonarsa, kuma in ya zo wurinka neman aiki zai zo da ɗan ƙarfin yin ciniki, ba zai karɓi duk abin da aka miƙa masa don yunwa ba. Hikimar ma ba tamu bace, Annabi Yusufu ya riga mu a Masar, a Littafin Farawa sura 41 ya ba Fir'auna shawarar a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi, kuma nasan labarin yana wurinku ku ma.

Nasan zaka ce to ƙarin da ake mayarwa fa, ba riba bace? Mu ma mun yi wannan gardamar sosai a tsakaninmu, don Littafin Fitowa sura 22 ya hana karɓar ruwa a hannun matalauci. Amma hatsi in an ajiye yana raguwa, ga ƙwari ga ɓera ga kuɗin magani da buhuna, in ba'a ƙara komi ba shekara kaɗan rumbun zai mutu. A wani ƙauye da muke da Musulmi da yawa a ƙungiya limaminsu ne ya kawo mafita, yace a daina ɗora ƙarin akan mai rance, a mayar dashi kuɗin ajiya da kowane ɗan ƙungiya zai bayar daidai wa daida ko ya ranta ko bai ranta ba. Muka ga tasa tafi tamu kyau muka ɗauka, har muka kai ta wasu wurare.

Yanzu me yasa coci zata sa kanta cikin maganar ladan ƙwadago, ba sai ta tsaya a wa'azi da waƙa ba? Saboda littafin da muke karantawa bai bar mu ba. A Littafin Firistoci sura 19 an hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai aiki har safe, a wannan surar dai aka ce mai gona kar ya girbe har gefe gefe kuma kar ya koma yin kala, a bar wa matalauci da baƙo. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta ƙara da cewa a biya shi kafin rana ta faɗi, ɗan ƙasa ne ko baƙo, don shi matalauci ne ransa na kan kuɗin. Wasiƙar Yakubu sura 5 kuwa tafi zafi, tace ladan masu girbi da aka danne yana kuka kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji. Ni wannan ayar tana bani tsoro har yau don ni ma ina ɗaukar masu noma a 'yar gonata. Sai labarin Rut, baƙuwa ce daga ƙasar Mowab, gwauruwa, ta shiga kala a gonar Bo'aza, shi kuma ya gargaɗi samarinsa kar wanda ya taɓa ta, yace in ta ji ƙishi ta sha daga tulunan ma'aikata. Duk lokacin da na ga matan da ke cirar ciyawa a lambunan albasa da goyo a baya, wasu masu kula da lambu suna musu maganar banza don sun san ba mai tsaya musu, Rut nake tunawa. Kaga duk wannan ba maganar ba da sadaka bace ma, hakki ne. Ku ma kuna da hadisin da yace a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, tun ina yaro nake jinsa a bakin maƙwabtanmu a Garwa, don haka a nan wurin ban ga inda muka saɓa ba.

Shi ya kawo mu maganar takarda, wadda inaga ita ta fi ɓata maka rai, kuma na fahimta, mutum ya shekara talatin yana biyan mutane da baki ba'a taɓa kai ƙararsa wurin lawan ba sai yau yaro ƙarami yace masa sai an rubuta, dole ya ji kamar an ce masa macuci. Amma Alhaji yaron nan ba a gonarka kaɗai yake aiki ba. Ya taɓa yin jinga da wani akan kar huɗu (kar ɗaya shine kwatan hekta), da aka gama mai gona yace ai uku ne da rabi, babu igiyar awo babu shaida. Ya taɓa jin "ka dawo bayan kasuwa" har sau biyar alhali kuɗin motar komawa ya kusa cinye ladan. Ya taɓa ganin an cire masa kuɗin tuwon da aka ce tun farko na mai gona ne. In ya kai ƙara, shi baƙo ne, Fulatancinsa ma bai nuna ba balle Faransanci, wa zai saurare shi. Takardar don irin waɗannan ake koya musu ita, kuma tunda ba'a rubuta wa mutum hali a goshi sai aka ce su nema a wurin kowa. Sannan ka duba ta ɗaya gefen, kai ma tana tsare ka. Sau nawa ka ba yaro kuɗin kafin alƙalami ya gudu ya bar maka dashe rabi, ko ya huda ramuka sama sama shuka ta mutu? Mu muna gaya musu ƙarara cewa wanda ya karɓi kuɗin mutum bai yi aikin ba ɓarawo ne, wanda ya yi aikin ganin ido shima haka, Manzo Bulus ma ya rubuta wa mutanen Tasalonika cewa wanda ya ƙi aiki kar ya ci. Akwai yaron da muka sa ya dawo tun daga ƙauyensu ya ƙarasa wa wani Alhaji aikinsa, dattawan ikkilisiyarsu ne suka tsaya a kai. In wasu sun zo suna koya wa yara raina mai gona ko ƙin aiki to wannan ba namu bane, kuma kana da gaskiya in ka kore su.

To saura babbar tambayar, addini. Bazan yi maka kwana kwana ba don kai ba yaro bane. Mu Kirista mun gaskata da bishara kuma muna son kowa ya ji ta, wanda yace maka coci bata damu da wannan ba ya ruɗe ka, kamar yadda kai ma in ka gina rijiya fisabilillahi zaka ji daɗi in wani ya ga halinka ya so addininka. Yawancin yaran nan ma da kake gani Kirista ne tun daga gida ko masu bin addinin gargajiya, sunayen da ake rubutawa sau da yawa don a san waye ya zo daga ina ne, in ya kwanta ciwo ko ya rasu a san inda za'a aika, a kuma haɗa su sujada ran Lahadi da yarensu. Amma akwai iyaka, kuma iyakar itace ba'a haɗa mudu da baftisma. Ranar da aka ce wa mai jin yunwa sai ka shigo majami'a za'a auna maka, ranar an bar aikin Allah an koma ciniki, kuma cinikin banza ne don wanda ya shigo saboda dawa ranar da dawa ta ƙare zai fita. Yesu Almasihu da kansa, a Yahaya sura 6, ya tsawata wa taron da suka biyo shi don sun ci gurasa sun ƙoshi. A Matiyu sura 25 kuma da yake maganar ranar shari'a ya lissafa mai yunwa da mai ƙishi da baƙo da marar tufa da marar lafiya da ɗan kurkuku, bai ce a fara tambayarsu addini ba. Saboda haka ka'idarmu a wurin awo ba'a wa'azi, ba'a tambayar sunanka Musa ne ko Moyis, wanda yake son jin maganar Allah ya san inda majami'a take ya san gidan fasto, ya je da ƙafarsa. Yaron da yake Musulmi kuma ba'a jansa gefe a bayan idon iyayensa, wannan cin amana ne ko da wane suna aka kira shi.

Na ce maka yana lalacewa, bari in baka namu don kar kace ina wanke kaina. Wata shekara da aka yi fari mun samu taimakon hatsi daga waje muka raba kyauta, ni ina cikin waɗanda suka ce a yi hakan don tausayi. A wani ƙauye mai bishara na wurin, mutumin kirki ne fa a sauran al'amura, sai ya fara da 'yan majami'arsa, kafin a zo kan sauran mutane buhuna sun ƙare. Abin da muka shekara biyar muna ginawa da maƙwabta ya rushe a yini ɗaya, har yau in na bi ta garin akwai dattijon da baya amsa gaisuwata da sakin fuska kuma ban ga laifinsa ba. Sannan kyautar ta kashe rumbun kanta, da kaka mutane suka ƙi mayar da rancen da suka ci tun kafin farin, suka ce ai kayan Nasara ne. A wani wurin kuma ma'ajin ƙungiya ne ya riƙa zarar buhu yana sayarwa, ɗan majami'a mai jan waƙa ran Lahadi, daga nan ne muka koyi maganar kwaɗo uku da karanta littafin lissafi da ƙarfi a gaban jama'a. Akwai kuma cutar hoto, wasu in zasu ba mutum tasa biyu sai sun tsayar dashi sun ɗauke shi sun watsa a Facebook, ni wannan ina ƙinta ƙwarai, talaka ma yana da kunya yana da surukai.

In ana maganar yadda ya kamata a yi, mu a nan arewa sunan da ake kawowa shine Baba Simon, wato Simon Mpeke, fada ne, wato limamin Katolika, ɗan kudu daga wajen Edeya wanda ya zo arewa a 1959 ya zauna a Tokombere cikin mutanen dutse har kusan rasuwarsa a 1975. Ana tuna shi da yawo ba takalmi, da zama da dattawan gargajiya yana sauraronsu ba tare da ya zage su ba, da dagewa akan yaran dutse su shiga makaranta a lokacin da ake musu kallon ba mutane ba. Ni ba ɗan Katolika bane amma ina cire masa hula. Mishan sun daɗe a ƙasar nan, na Lutaran tun shekarun 1920, fadan Katolika na ƙungiyar Oblat suka iso a 1946, kuma ka duba asibitocin da suka bari irin na Tokombere da na Ngaundare, ka shiga ɗakin jira ka ƙirga masu hula da masu gyale, ba'a tambayar kowa shahada a bakin ƙofa.

Sauran aikin ƙanana ne a ido amma su suka fi cin lokacinmu. Maganin feshi misali, yaro zai goya famfo ba riga ba takalmi, iska na dawo masa dashi a fuska, ya gama ya ci abinci bai wanke hannu ba, galan ɗin kuma a kai gida a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Muna bi muna nunawa, feshi da sassafe, iska a bayanka, a rufe hanci da jiki, a fasa galan a binne. A gangaren Binuwai kuma kububuwa ce, tana sarar masu girbi da masu tsinkar auduga, mutane su ɓata kwana biyu wurin mai tsatsuba jini na zuba kafin a kai asibiti, to aikinmu shine a san asibitin da ke da allurar dafin kuma a samu ɗan kuɗin moto a asusun ƙungiya. Masu aikin shinkafa a wajen Yagwa da Maga su kuma tsargiya ce. Sai takardar haihuwa, wannan ita ke sa ni baƙin ciki, yaro ya yi karatu har ajin ƙarshe na firamare a ce ba zai zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare ba don bashi da ita, in wa'adin yi ya wuce kuma sai an bi ta kotu, uban da ke ƙwadago ina ya ga kuɗi da lokacin wannan zirga zirgar. Sai mu tara sunaye mu bi musu a dunƙule. Yaron da bai samu takardar nan ba shine zai zo maka dashe nan da shekara biyar, ɗansa ma haka.

Maganar ƙasa kuwa ita ce mai wuya kuma a nan muke taka tsantsan. Tun shekarun 1970 mutane ke gangarowa daga arewa mai nisa zuwa kwarin Binuwai, aka gama madatsar Lagdo a 1982 aka ƙara cika, ga auduga da Sodecoton, kamfanin auduga, ke saye tun kafa ta a 1974 tana ba da taki da magani bashi a cire ranar awo. Amma baƙo aron gona yake ko haya, a hannun jauro ko lawan ko mai ƙasa, shekara shekara. To ka gaya wa mutum ya zuba takin gargajiya ya dasa itace ya gyara ƙasa, sai yace maka malam in gonar ta yi kyau baɗi mai ita zai karɓe abinsa, kuma gaskiyarsa ne. Mu bamu da ikon raba ƙasa kuma bama neman rigima da sarauta, abin da muke yi shine mu je da ladabi a zauna a nemi hayar ta zama ta shekara uku ko biyar da shaidu, mai ƙasa ya samu gonarsa ta gyaru shi kuma baƙo ya ci guminsa. Wani wurin a yarda wani wurin a ce mu sha ruwa mu tafi.

Shawarata gareka Alhaji kar ka tsaya jin ance ance, aika a kira maka shugabansu ku zauna a gindin itace a gonar taka. Tambaye shi ko akwai Musulmi a cikin masu cin rumbun, in yace akwai kace ya nuna maka littafi, ka tambayi wa ke riƙe da makulli, ka kuma tambaye shi mutum nawa ne suka daina zuwa rance don sun tsaya da ƙafarsu, wannan ta ƙarshen ita nake fara yi in an tura ni duba wata ƙungiya, don wadda jerin masu karɓarta ke ƙaruwa kullum ba mai fita tana kiwon talauci ne. In ya yi ta kame kame ko ya hau ka da wa'azi ka san da wa kake. Ita kuma takardar ba wani abin tsoro bane, rabin shafi ne, kar nawa, nawa ne kuɗin kowane kar, abinci da ruwa akan wa, nawa aka bayar tun farko, wace rana za'a cika, in shuka ta mutu saboda sakaci wa zai sake, sai shaida ɗaya naka ɗaya nasa, a rubuta da ajami ma in ka fi so ya halatta. Ran Litinin ina shigowa Marwa cin kasuwa, in ka ga dama ka zo da yaron da igiyar awo mu je mu auna karal ɗin tare, ni zan kawo biro da takarda.